Fim ɗin da Habu ya ƙi bari a gani

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar aminina Habu na Toranke, amma da na ji ana shirin buɗe makarantar koyar da shirya fim, shi ya fara faɗo mini a rai.

Zamanin Turawa aka ɗebe mu, mu shida, aka ce cikin wata biyu za a koya mana ɗaukar fim na majigi. Ba hutu, ba zuwa gida. Wanda ya ci jarrabawa ya sami aiki, wanda ya faɗi ya koma gona. Habu ya fi mu duka. Ni kuwa in na riƙe na'urar, hoton sai ya fito a karkace.

Jarrabawarsa fim ne kan noman gyaɗa, da manomi mai himma da raggo. Muka je Toranke, kowa ya ƙi zama raggon. Ban ga laifinsu ba, don a lokacin abin da aka gani a majigi gaskiya ake ɗaukarsa. Sai mahaifin Habu, dattijon da rumbunsa bai taɓa kwana wayam ba, ya sa tsumma ya kwanta a gindin tsamiya, don kada ɗansa ya faɗi.

Habu na juya na'urar, gumi na keto masa. Can bayanmu wani ya ƙyalƙyale da dariya: "Ashe Malam ya iya kwanciya!" Ga shi kuma daga Gaya har Ajingi za a yi ta yawo da fim ɗin.

Baturen da ke koya mana na cewa an gama, Habu ya buɗe murfin na'urar a tsakiyar rana. Haske ya cinye duk abin da aka ɗauka.

Tsohon ya miƙe zaune. Ba ya faɗin sunan Habu, ɗan farinsa ne. "Kai, wace irin ɓarna ce wannan?"

"Baba, gara in koma gona."

Ranar aka sallami Habu.

Da Habu na raye, na san abin da zai tambayi masu sabuwar makaranta: za ku koya wa yaran nan cewa wanda suka ɗauka a fim, gida zai koma, cikin mutane? Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Habu bai bar hoto ko ɗaya ba, amma mahaifinsa ya rasu da girmansa. Ni aka miƙa wa na'urar. Na lallashi wani bawan Allah a Balan ya kwanta, na ci jarrabawa, na yi aiki har na yi ritaya. Bara na bi ta garin, na ji har yanzu Gidan Raggo ake kiran gidan jikokinsa. Kunya ta hana ni sallama.