Eckhard Wollny da Dokin Ƙofa Goma Sha Bakwai

Kullum kafin mu buɗe rumfuna, Eckhard Wollny ya riga ya durƙusa a tsakiyar dandali da guduma da bokitin yashi, yana ƙwanƙwasa duwatsun daɓe ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ji yana girgiɗi sai ya cire shi, ya gyara masa zama, ya mayar. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan aiki, jiya ya ajiye. Ni mai burodi ce a nan tun gashina yana baƙi, kuma na rantse na fi sanin ƙeyarsa a kan fuskarsa.

Gaisuwa ba ta dame shi ba. Ka ce masa ina kwana, ya ce maka ɗaga ƙafarka. Amma ku ji abin da ya yi.

Da can dandalin nan bai kai haka faɗi ba. Gidaje goma sha bakwai ne a gefen coci, yaƙi ya rushe su. Da aka kwashe ɓaraguzai, maginan lokacin suka bar dutsen dokin ƙofar kowane gida a inda yake, suka yi daɓe kewaye da shi. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, Eckhard ma a bakin ubangidan da ya koya masa aiki ya ji. A kan ɗaya daga ciki Hiltrud Dettmer take kafa rumfar furanninta, don nan ne ƙofar gidan da aka haife ta, kuma shi kaɗai ya rage mata na uwarta.

Bara aka zo sa sababbin bututun ruwa. Ɗan kwangila ya ce dutse ai dutse ne, a tara a kwashe. Hiltrud, da shekarunta tamanin da shida, ta zo rumfata tana kuka, har na taya ta. Eckhard bai yi musu da kowa ba. Ya auna, ya sa wa kowane dutsen dokin ƙofa lamba, ya yi ta jigilarsu a baro zuwa garejinsa, motarsa ta yi wata bakwai a waje tana shan ruwan sama. Matarsa Renate ta ce da ita ma dutse ce, da ta ga gata.

Da aka gama aikin, ya mayar da su duka. Jiya muka yi masa walimar sallama da kek da kofi, har da wakilin magajin gari. Ana cikin jawabi sai Hiltrud, wadda idonta ya yi rauni, ta taka dutsenta, ta tsaya cak.

"Eckhard, ka juya min gida. Gefen da ƙafa ta cinye, titi ya kamata ya kalla."

Da wani ne sai ya ce tsohuwa ta rikice. Shi kuwa kunnuwansa suka yi ja, ya ajiye faranti, ya durƙusa da kayan zuwa cocinsa, a kan gwiwar da likita ya hana shi lanƙwasawa. Awa biyu yana haƙa. Kofi ya huce, wakili ya sulale.

Kai ne, Eckhard, ka riƙe mana tarihin da ba ya cikin takarda. Kai ne gwanin da bai ji kunyar gyara kuskurensa a gaban jama'a ba. Mun gode, Allah ya huta gajiya. Ku kuma da za ku gaje shi, in tsohuwa ta ce dutse ya juya, ku duba kafin ku yi dariya.

Da ya gama ya miƙe da ƙyar, ya ce ta gwada. Ta taka, ta goge takalmanta a kai sau biyu, ta tsallaka, sannan ta waiwayo mu.

"To, ku shigo mana. Kuka tsaya a waje."