Wutsiyar Idon Onelia

Shekara ashirin da bakwai Onelia ta yi a kan kujera ɗaya, a ɗaki ɗaya, cikin wani gidan tarihi a garinmu Tirinidad na ƙasar Kyuba. Gidan wani attajirin rake ne na zamanin bayi, ɗakin da aka ba ta kuwa na cin abinci ne: faranta na tangaran, cokula na azurfa, da wani dogon tebur da ba wanda ya ci ko loma a kansa tun kafin a haifi kakarta. Aikinta shi ne ta hana a taɓa.

Aikin yana da sirrinsa. Mai tsaron ɗaki ba ta zura wa baƙo ido, don sai ya tsargu ya fice bai kalli komai ba. Kau da kai take yi kamar taga take kallo, ta bar wutsiyar ido a kansa. Onelia ta gwanance a wannan har abokan aiki suna tsokanarta wai a kunne idonta yake. Bature zai lallaɓa yatsa wajen butar shayi, sai ya ji murya daga kusurwa: "Ranka ya daɗe, ba a taɓawa."

Duk baƙon da zai fita kuwa sai ta ba shi shawara iri ɗaya: ya hau hasumiyar tsohuwar majami'ar da ke bayan dandali, zai ga rufin gari ja wur, ga duwatsu, can ƙarshe ga teku. Dubban mutane ta tura. Ita kanta ko sau ɗaya ba ta taɓa hawa ba. Haka muke a garin nan, wai hasumiya ta masu malafa da kyamara ce, mu sai dai mu ratsa ta gindinta da jakar cefane.

Ana nan sai wani tabo ya fito mata a gani. Ta ɗauka datti ne a tabarau, ta yi ta gogewa a banza. Likita ya ce tsakiyar ganinta ne ke mutuwa, duk abin da ta kalla kai tsaye duhu zai rufe shi, kuma tabon faɗi zai yi ta yi. Tsoro ya kama ta ƙwarai. Ta yi kukanta a bakin titi, ta share fuska, ta zarce wurin ƙawarta Fermina mai sayar da kofi ta tagar gida.

"Jibi ina hutu. Za ki raka ni hasumiya."

"Wace hasumiya? Da gwiwoyin nan naki masu kukan tsohuwar ƙofa?" in ji Fermina.

"Ko da rarrafe ne."

"Ke Onelia, teku bai gudu ba. Mu shiga mota a kai ki bakinsa ki jiƙa ƙafa."

"Na san shi a ƙasa. Daga sama na yi ta tallarsa, daga sama zan gan shi. Ba zan makance da maganar da ban tabbatar ba a bakina."

Ranar, Onelia ta sa rigarta ta zuwa coci, ta ce yau ita ma baƙuwa ce. Suka fara da babbar majami'a, ta kunna kyandir ɗaya, ta tsaya gaban bagadin katako ta ga gefe-gefensa, tsakiya kuwa duhu. Suka leƙa wani gidan tarihi da ke tsallaken dandali, amma ba su daɗe ba, don mai tsaron wurin gyangyaɗi take, kuma Fermina ta ga ƙawarta na shirin karɓe mata aiki. Ta ja ta waje.

A ƙofar hasumiya suka tarar da Reinaldo mai gadi, wanda suka yi makaranta tare. Ya dube su sama da ƙasa.

"'Yan mata, daga wace ƙasa?"

"Daga layin bayan gidanku," in ji Onelia. "Kauce mana, tsoho."

Matakalar ƙunci gare ta, mutum ɗaya take ɗauka, sai an jira masu saukowa. Onelia ta dafa bango tana hawa tana hutawa, Fermina na biye tana haki tana mita. A hawa na biyu gwiwar Onelia ta hagu ta ƙi. Ta zauna, ta murza ta, ta ce mata, "Yau dai ba ke za ki yanke mini hukunci ba." Sauran matakan da hannu da ƙafa ta gama su.

Iska ta buge ta a sama, kusa da manyan ƙararrawa. Ta riƙe ƙarfe, ta fuskanci kudu, ta buɗe ido iya ƙarfinta.

"Ga shi can, shuɗi shar!" in ji Fermina.

Onelia ba ta ga komai ba. Inda duk ta aza ido, tabon nan ya riga ta zama a wurin. Ta cire tabarau, ta mayar. Sai ta ce a hankali, "Na makara, Fermina."

Tana nan tsaye sai bakinta ya yi abin da ya saba: "Ranka ya daɗe, ba a taɓawa!" Wani baƙo da ke can gefenta ya janye hannu daga ƙararrawa, yana ba da haƙuri.

Fermina ta riƙe baki. "Yaya aka yi kika gan shi? Ko waiwayawa ba ki yi ba."

Onelia ta juya fuska a hankali wajen duwatsu, ta yi kamar ba ruwanta da kudu, ta bar wutsiyar ido a can, yadda take yi wa baƙon da ba ta yarda da shi ba. Rufin gari ya fito ja wur. Bayansa kore. Can ƙarshe ga wani dogon layi shuɗi yana walƙiya, daga wannan gefe har wancan.

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba, don kada ta motsa kai.

"Ashe ban cuce su ba," ta ce. "Yana nan inda na ce."

"To mu sauka, ƙafata ta gaji."

"Zauna ki huta. Shekara ashirin da bakwai na tsare kayan wani da idon nan. Bari in tsare nawa tukuna."