Sajan a Kwanar Dangora

Tana tsaye a bakin tashar Kwanar Dangora, kakinta a goge, takalminta na ƙyalli duk da taɓon damina. Ban san ta ba, sunan da ke ƙirjinta kawai na karanto daga shagona: Badiyya Ubale. Direban da ya sauke ta ya ce daga barikin Kano ake turo ta, ta zagaya makarantun Kiru da Bebeji tana duba 'yan kadet, ta koma ta gaya wa manyanta abin da ta gani.

Ba ta fi ni tsawo ba, kuma da wuya ta girme ni. Ina jin ita ma 'yar manomi ce, sai dai nata uban ya ce mata je ki. Ni da nake ba da umarnin fareti a makarantarmu, nawa cewa ya yi soja ba aikin mace ba ne.

Ga wasu 'yan mata cikin kayan kadet sun zo tarbarta. Ɗaya sai sunkuyar da kai take. Sajan ta gyara mata hula, ta ɗago haɓarta da yatsa.

"Ɗago kai, ƙanwata. Soja ba ya neman allura a ƙasa."

Yanzu ta nufo ni. "Sannu da aiki, Yaya. A ba ni ruwa."

Na miƙa mata ba fara'a, ina kallon titi. Amma a bayan kantar shagon, inda ba ta gani, dugadugaina sun haɗe da kansu, irin tsayuwar fareti.