Majanyin da Na Yi Gammo da Shi

Matso kusa ka ji wata magana, don ni ban iya dogon rubutu ba, a aji huɗu na tsaya, amma abin da kunnena ya ji ba ya ɓata. Shekaranjiya ina kakkaɓe tsohon akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, sai hannuna ya taɓo wani siririn tsinke mai dunƙulen yumɓu a gindi. Mazarin Kaka ne. Na murza shi a kan tabarma, ya yi ɗan kukan nan nasa kafin ya kwanta, wallahi sai na ji ƙamshin sabuwar auduga ya cika mini hanci.

A wani ƙauye kusa da Beli na tashi. Kaka ita ce ta haifi Baba, kuma a gonar audugarsa kunya biyu na gefen gabas nata ne. Sauran a kai fuloti, kasuwar auduga, a sayar, amma waɗannan biyun ko Baba ba ya taɓawa. Da hannunta take tsinka, ta gurje iri da ɗan ƙarfe a kan dutse, ta shiɓe ta da ɗan bakan shiɓa har ta yi laushi kamar kumfar sabulu. In an idar da Azahar sai ta shimfiɗa buzu a gindin darbejiyar tsakar gida, ta shafa alli a yatsu, ta fara kaɗi. Kaji na kai-komo, mata na surfe, ita kuwa zare na fitowa daga yatsunta kamar ba ita ke yi ba.

Ta so ta koya mini. Sau nawa tana zaunar da ni, zaren na tsinkewa, tana cewa hannun daka gare ni ba na kaɗi ba. Gaskiyar magana hankalina ba ya wurin. Lokacin ne maƙwabcinmu ya kawo talabijin mai aiki da batirin mota, yayyena kuma in sun zo daga birni sai atamfa da leshi da takalmi mai tsini. Wa zai zauna yana murza tsinke? Da na ga ta sunkuya gyara zare sai in sulale. Ina jin ta tana cewa, “Tafi, malalaciya, akwatin nan shi zai goya miki ’ya’ya.”

Akwai abu ɗaya da ta ɗora wa kanta. Duk jikarta mace, in ta yi haihuwar fari, sai ta ba ta majanyi, wato ƙyallen nan da ake ɗaure goyo da shi a kan zane. Da zarenta ake yinsa, wani tsohon masaƙi a Rogo Ruma ke saƙa mata. Kafin a zo kaina yanar ido ta rufe mata gani, masaƙin kuma shi kaɗai ya rage, ’ya’yansa duk sun kama acaɓa. Baba ya ce ta huta, zai sayo mini tawul a kasuwa kamar kowa. Ta ce ya sayo wa kansa. Da lalube ta kaɗa nawa, audugar shekara biyu, zaren duk ƙulli-ƙulli saboda yawan tsinkewa.

An kai ni Karaye, mijina malamin firamare ne. Da haihuwa ta zo na dawo gida wanka, na samu ɗa namiji. Ranar da na yi arba’in zan koma, Kaka ta miƙo mini majanyin: fari-fari, mai kauri, da baƙin layi biyu a kowane baki.

A gidan hayar da muke zaune duk matan ma’aikata ne, kowacce da tawul mai furanni take goyo. Ranar farko da na fito da majanyina, ɗaya ta dube ni ta ce, “Mai jego, wannan buhun na gero ne ko na dawa?” Aka kwashe da dariya, ni ma na taya su, amma abin ya zauna mini a ƙirji. Washegari na sa aka sayo mini tawul. Majanyi ya koma bayan ƙofa. Wata rana za ni rijiya na rasa abin da zan ɗora tulu a kai, sai na naɗe shi na yi gammo. Daga nan ya zama gammo, yana kwana a gindin randa.

Da damina ta yi nisa, ranar kasuwa, sai ga Kaka ba sanarwa, Gwaggo, ƙanwar Baba, na riƙe da hannunta. A bayan a-kori-kura suka zo, da ɗan man shanu da daddawa a ƙulle. Muka gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gajiya da ruwa da kwanan yaro. Sai ta ce za ta yi alwala. Kafin in miƙe ta riga ta lallaɓa gindin randa tana laluben moɗa. Hannunta ya sauka a kan gammon.

Ido ba ya gani, amma yatsu sun san zarensu. Ta warware shi a hankali, jiƙe sharkaf, duk laka. Ta bi ƙullin nan ɗaya-ɗaya da babban yatsa. Ni kuwa ina tsaye, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

“To, alhamdulillahi, bai zauna a banza ba,” in ji ta. “Ashe tulu kika haifa, ba a faɗa mana ba.”

Gwaggo ta yi dariya, ni na kasa. Kaka ta matse ruwan, ta ce a miƙo mata maigidanta, haka take kiran yaron. Gwaggo ta ɗora mata shi a baya, ta ja majanyin ta ɗaure. Ta yunƙura za ta miƙe, gwiwa ta ƙi. Ta sake yunƙurawa, ta koma ta zauna tana haki, yaron na ta wasa da ɗankwalinta.

“Kin gani ko, ’yar nan?” ta ce. “Bayan nan ya gama aikinsa, tun tuni na sani. Shi ya sa na zauna na kaɗa wannan. Na ce in ban goya shi da baya ba, in goya shi da hannu. Duk ranar da kika ɗaura, ni ce nake riƙe miki shi.”

Daga nan sai ta koma zancen tsadar gishiri. A ranar na wanke shi na shanya a igiyar tsakar gida, inda kowa zai gani. Washegari da shi na je awo asibiti. Matan gida sun yi dariyarsu ta kwana biyu, suka gaji suka bari. Kuma ka san wani abu? Tawul yana saki in ka yi tafiya, sai kana yi kana gyarawa. Wannan kuwa in ka ɗaura tun safe, yana nan har ka kwance.

Kaka ba ta ga tsinkar audugar shekarar ba, Allah ya jiƙanta. Masaƙin ma bai daɗe ba ya bi ta. ’Ya’ya bakwai na goya da majanyin nan, ya yi laushi, bakin ya zare, amma bai yage ba.

Yanzu autata ce ke da tsohon ciki a Kano. Har ta sayi wata jaka mai igiyoyi da ake rataya jariri a ƙirji, ta turo mini hotonta a waya tana murna. Ban ga laifinta ba, ni ce fa mai gammo. Sai dai ni ban iya kaɗi ba, ba ni da zaren da zan ba kowa, wannan ɗayan ne kawai ya rage, yana ninke kusa da mazarin. In na ba ta, ina tsoron ya zama tsumman goge tayil. In na hana ta, asu ne zai cinye shi a akwati, hannun Kaka bai taɓa ɗan autar tawa ba. Kai da ka saurare ni har nan, in kai ne, ba ta za ka yi ko ɓoyewa?