Injinan Fatsa Bakwai

Ƙanen mijina ya sa injinan fatsata cikin kayan gadon marigayi, kuma ya san nawa ne.

Bakwai ne. Ƙananan injina ne masu naɗe zaren kamun kifi, waɗanda ake ɗaure wa a jikin sanda, kowanne bai wuce dunƙulen hannu ba. Maigidana gwanjo yake saidawa, bai taɓa kama ko tarwaɗa ba. Cikin tarkacen da ake aiko mishi ya tsinci na farko, ya cije da tsatsa. Ya ajiye mini kan keken ɗinkina ya ce, "Ke mai son kwance-kwance, ga naki." Daga ni sai shi a ɗakin, ba shaida. Sauran shidan ma haka sunka zo, ɗaya-ɗaya, cikin shekaru.

Kananzir nake jiƙa su, in goge haƙoransu da tsohon buroshi, in ɗiga man keke. Na farkon na ɓata shi da man gyaɗa, ya daskare, kiyashi sunka cika shi, na sake daga tushe.

Bayan la'asar nakan jera su a tabarma ƙarƙashin dogonyaron gidanmu na Gawon Nama, in kaɗa kwarkwaron kowanne da yatsa. Jan cikinsu kukan gyare gare shi, ga saurin gajiya. Na tagulla nauyi gare shi, amma sai in karanta Ƙulhuwa uku bai tsaya ba. Baƙin kuwa ba ya magana, numfashi kawai yake yi awa jinjiri mai barci. Idan suna juyawa sai tsakar gida ta cika da ruwa a idona, wani ruwa mai sanyi wanda ba na Rima ba, da itatuwan da ban san sunansu ba. Ranar da na buɗe baƙin na tarar da yashi fari a cikinshi. Na ƙulle shi a tsumma. Yashin wata ƙasa ne, ya zo har ɗakina ba tare da an gayyace shi ba.

Akwai rubutu a gindin na tagullar, wani ya karce shi da allura. Saboda shi na shiga yaƙi da jahilci da furfurata. Da na iya haɗa baƙi, ashe haruffa biyu ne kawai. Na yi dariya har na yi hawaye. Duk da haka nakan gaida mai haruffan nan in na ɗauki injin.

Da na fita takaba anka zauna rabo a zauren baffansu. Ƙanen nan ya riga ya ɗauki hoton injinan a waya, wani mai tara tsofaffin kaya ya yi mishi tayi.

Ya ce, "Matar Yaya, mi mace za ta yi da kayan masunta? Yaya ne ke gyaransu, ni ma na sha taya shi."

Na ce, "Alhaji ƙarami, kai da ko zip ɗin wandonka ni nake gyara ma?"

Baffa ya ɓoye dariya cikin rawani. Ya ce kyauta tana son shaida, in kawo tawa, in babu su shiga rabo.

Na koma gida na zauna gabansu har inuwa ta bar tabarma. Wanda ya ba ni yana ƙarƙashin ƙasa. Na kaɗa na tagullar, na bi shi da ido har ya tsaya, sannan na dubi yatsuna, baƙin mai ya zauna a ƙarƙashin kowace farce.

Da gari ya waye na ɗauki sukundireba na kwance su duka bakwai, kusa, haƙori, kwarkwaro, hannu, na juye a faranti ɗaya na gauraya awa mai tsintar wake. Na yafa mayafi, na ɗauki farantin na nufi zauren Baffa, na aika a kira mini Alhaji ƙarami ya fara haɗawa.