Yadin da Ban Sa Wa Rana Ba

A shagona na ɗinki da ke unguwar Maourey, kowane yadi yana da ranarsa. Da an kawo mini, sai in juya bakinsa in rubuta da alli: Alhamis, ko jajibirin Sallah, ko daren biki. Da wannan rubutun nake jera tulin kaya, mai ranar kusa a sama, mai nisa a ƙasa. Shekara goma sha tara allin nan ne ke gaya mini lokacin da zan ci abinci da lokacin da zan miƙe ƙafa. Idan kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, sai in koma kan tsohon keken ƙafa ina ta zagi a cikin ciki, wata madam kuma na tsaye a kaina tana duba agogo kamar ni na ɗauke wutar.

Yayana ne ya kawo ni Yamai daga Maradi, shi ya sa ni koyon ɗinki. Shi lambu yake yi a unguwar Gamkalley, salati da albasa a bakin kogi. Bai taɓa gane gaggawata ba. Yakan ce salatinsa ko ya yi masa tsawa ba ya ƙara ganye ɗaya, ni kuma in ce masa ai salati ba ya kiran mutum a waya.

Wata Asabar ya shigo da shadda ruwan toka a leda. Babbar riga yake so, ta zuwa Juma'a, don tunda yake bai taɓa mallakar tasa ba. Na gwada shi a tsaitsaye, ina amsa wa wata mata ta kan kafaɗarsa. Na ɗauki alli na tambaye shi yaushe yake so.

"Kai da kake fama da mutane? Duk ranar da ka samu sarari, ƙanena."

Sai na ajiye allin. Yadin da ba shi da rana kuwa, a tsarina, ƙasan tuli yake tafiya. Kowane tela a layinmu haka yake yi da kayan 'yan gida, don su ba sa tsayuwa a kanka.

Sallah huɗu suka wuce. Idan ya kawo kaya kasuwa yakan leƙo ya ajiye mini salati, ya tambayi jikina, bai taɓa ambatar rigar ba. Ni ne ma nake riga shi da cewa bayan Sallah, Yaya, sai ya yi dariya. A zuwansa na ƙarshe na lura wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Idon tela ne, na gani sarai, har na ce a raina sai na sake awo. Ban tambaye shi me ke damunsa ba, ina da ankon biki na mutum ashirin.

Ranar wata Laraba da hantsi matarsa ta kira ni tana kuka. Kafin azahar za a kai shi, kuma tunda ni ne tela a gidan, ni aka miƙa wa farin yadin. Na zauna na haɗa likkafanin, bai ɗauke ni minti ashirin ba. Shi ne kaɗai ɗinkin da na taɓa yi masa.

Tun daga nan na rage karɓar aiki. Ina faɗa wa mutane ranar gaskiya, wanda bai iya jira ba ya tafi gaba. Da la'asar nake rufe shago, ko ana gobe Sallah. Maƙwabtana teloli suna cewa na samu natsuwa, har wani ya ce in koya masa. Ba natsuwa ba ce. Na dai gane cewa ranakun da na yi ta gudu dominsu, babu wadda ta kashe kowa da ta wuce, kuma na gane hakan a lokacin da ba zai amfane ni da komai ba. Sararin da ya ce in jira ya zo, yana nan da yawa, ban san abin da zan yi da shi ba. Wani lokaci nakan taka har gada wajen otal ɗin Gaweye in tsaya ina kallon ruwa, in dawo.

Shaddar tana nan a shago. Yanzu da tulin ya ragu, ita ce a sama. Kowace safiya idan na buɗe nakan juya bakinta, da alli a hannuna, kuma har yau ban samu ranar da zan rubuta ba.