Ranar da Baba ya kira sunana a filin ƙwallo

Tun da aka haife ni har na zama saurayi mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, kuma babu wanda ya ga abin mamaki a ciki. Ni ne ɗansa na fari. A gidajenmu na Filinge uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya ma zama ya yi doguwar hira da shi. Kunya ce, haka muka taras. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, uwar Baba, a can na girma. A bakin Baba ni ne "wancan". In yana cikin fara'a sai in zama "mijin tsohuwa", domin haka kakar take tsokanata. Da abin bai dami kowa ba har yau, in ba don ƙwallo da ta shiga tsakaninmu ba.

Baba likitan dabbobi ne, kuma a Rumaniya ya yi karatu yana saurayi. Ya dawo da takardar shaida, da wata ƙatuwar rigar sanyi wadda ba ta da ranar sawa a zafin ƙasarmu ta Kurfai, da labarin mutum guda. Mutumin tsohon ɗan baya ne a wasan ƙwallo, shi ne ya horar da ƙungiyar ɗalibai da Baba ya buga wa. Labarinsa duk mun haddace shi. A wani ƙaramin gari mai masana'antu ya fara wasa, wata babbar ƙungiya ta birni ta gan shi ta ɗauke shi, ya yi shekaru yana hana 'yan gaba sakat, sai gwiwa ta ci amanarsa ya koma koyarwa. Daga nan ya yi ta yawo a ƙananan ƙungiyoyi, nan a sallame shi, can ya yi fushi ya tafi da kansa, har ya ƙare a kan ɗalibai, yana ɗingishi yana ihu cikin ƙanƙara. Baba ya ce duk zamansa na ɗan wasa sau ɗaya ya taɓa jefa ƙwallo a raga, ita ma ragar gidansu ce. Ban san ko gaskiya ne ba, amma kullum a nan Baba yake tsayawa ya yi dariya har sai ya share ido.

Da Baba ya karɓi ƙungiyar unguwarmu, abu biyu ya kawo daga wurin wannan bawan Allah. Na farko, 'yan baya su tsaya a layi guda, su fito gaba tare, su bar ɗan gaban abokan hamayya cikin satar gida. Don su koya, sai ya ɗaure su a ƙugu da igiyar rijiya, wanda ya makara ya sha ƙasa. Na biyu kuwa, suna. Ya ce Baturen ba ya yarda a ce wa ɗan wasa "kai" a fili, domin kowa kai ne. Ka kira mutum da sunansa, da ƙarfi, tun kafin haɗari ya iso shi. Baba ya riƙe wannan sosai. In yana bakin fili za ka ji sunayen 'ya'yan mutane suna tashi ɗaya bayan ɗaya, har masu dawowa daga gona su san wanda ya yi barci a tsaye.

Sai ga ni na girma, kuma kamar da gayya na fito ɗan baya. Ina da tsawo, ba na tsoron sa kai, kuma samarin suka matsa masa sai ya sa ni a tsakiya. Ya yi ta kwana-kwana, daga baya ya yarda.

A nan aka fara wasan kwaikwayo. Ranar farko ya ga na bar layi, ya buɗe baki zai kira, sai ya tsaya da bakin a buɗe. Can ya ce, "Kai!" Mu huɗu muka juya, har da wani yaro mai sayar da ruwan sanyi. Ya gwada lamba, to rigunanmu 'yan gwanjo ne, mu biyu ke da lamba ɗaya a baya. Ya gwada "mijin tsohuwa" sau guda, 'yan kallo suka kwashe da dariya har alƙalin wasa ya kasa busa usur. Daga ƙarshe ya samo dabara. Mai tsaron gidan ƙungiyarmu abokina ne tun muna lakwal, wato makarantar boko, shi ya zama ɗan aike. Baba zai ƙwala masa kira da sunansa, sannan ya ce, "Hwaɗa ma wancan shi hito gaba!" Abokina ya juyo ya isar da saƙo, ni kuma in fito. Saƙon yakan iso, amma sau da yawa bayan ƙwallo ta wuce.

Kowa yana dariya, ni ma ina yi. Amma a cikin raina abin yana cina, kuma ba zan ɓoye ba. Ina jin sunan kowa a bakinsa, da faɗa da yabo, nawa ne kaɗai babu. Ba na ganin laifinsa, na san ba ƙi ba ne. Duk da haka in na tare wata ƙwallo mai wuya, kunnena yakan tafi bakin fili da kansa. Abin da nake so a duniya a lokacin bai wuce in ji yadda sunana zai fito daga wannan muryar ba.

Gasar hutu da damina ake yin ta, da safe muna gona, da la'asar muna fili da sauran ƙasar noma a ƙafa. A shekarar da nake ba da labari muka kai wasan ƙarshe, da samarin garin Bonkuku. Sun zo da mota cike da magoya baya, da ganga, da wani ɗan gaba gajere wanda gudunsa ya fi ƙarfin igiyar rijiya. Gari ya fito, har dattawan da ke cewa ƙwallo aikin banza ne sun zo sun tsaya a inuwar gawo, wai hanya ce ta biyo da su.

Mu muka fara ci, tun kafin hutun rabin lokaci. Daga nan muka koma baya muka kulle, yadda Baturen Rumaniya zai yi alfahari da mu. Gajeren nan ya faɗa satar gida ya fi a ƙirga, har ya fara zagin mai tuta da Zabarmanci. Rana ta yi ƙasa, alƙali ya fara duba agogo, mutanenmu sun fara rera waƙa.

Sai suka bugo wata doguwar ƙwallo daga gefe. Idona na sama ina lissafin inda za ta sauka, ban ga gajeren ya zagayo ta bayana ba. Baba ya gan shi. Abokina ɗan aike yana can yana faɗa da wani a bakin raga, babu lokacin bi ta kansa. Sai kawai na ji sunana. Cikakke, da ƙarfi, da irin muryar da yake kiran 'ya'yan mutane.

Wallahi ƙafafuna suka tsaya cak. Na manta da ƙwallo, na manta da kofi, na juya gaba ɗaya ina kallon bakin fili. Ga Baba tsaye, hannunsa ɗaya a sama, shi ma ya daskare, kamar wanda ya ji wani ne ya yi magana da bakinsa. Muka kalli juna ido cikin ido, abin da ba mu saba ba. Ƙwallo ta wuce ta saman kaina, gajeren ya tare ta da ƙirji, ya zura ta a raga cikin natsuwa.

Gangar Bonkuku ta tashi. A ɓangarenmu kuwa babu wanda ya zage ni, domin duk wanda ke wurin ɗan ƙasar ne, ya ji abin da na ji. Wani dattijo a gindin gawo ya tafa hannu yana salati yana dariya. Aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, suka cinye mu, kofi ya hau mota ya tafi Bonkuku.

Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Baba ya shigo gaida uwarsa bayan magariba kamar yadda ya saba, ina zaune a bakin ƙofarta da kwanon tuwo. Tsohuwa ta ƙare masa kallo ta ce, "Ashe ka san sunan mijina? Ni na aza ka mance shi tun ranar suna. Yau garin ga duka sun jiya, har awakin Bonkuku." Baba ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya, babban mutum da furfurarsa. Ya ce, "Inna, aikin hili ne." Ta ce, "To, Allah shi ƙaro muna irin wanga aiki." Ni dai na dage da tuwona, amma bakina ya ƙi rufuwa.

Washegari da la'asar ya tara mu a fili, wai rashin kofi ba ya hana motsa jiki. Ya bi kowa da sunansa ya faɗa masa kuskurensa. Da ya zo kaina sai ya tsallake, ya kira abokina mai tsaron gida, alhali ina tsaye kusa da shi kafaɗa da kafaɗa. Ya ce, "Hwaɗa ma wancan, in anka kira mutum cikin hili, balo shika dubi, ba mai kira ba."

Abokina ya juyo da fuskar ɗan aike ya maimaita mini kalma da kalma. Na dubi ƙasa, kamar yadda ya kamata ɗan fari ya yi. Na ce, "Ka ce mai na jiya. Amma ka ce mai, in yas sake kira, sai na sake juyawa."

Abokina ya buɗe baki zai isar da saƙo, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya juya mana baya, ya daɗe yana warware igiyar rijiyar nan, wadda ko kaɗan ba ta harɗe ba.